Mun Ɓoye Sunanta, Amma Kowa Ya San Maman Bene

Gwaggo, ki agaza mini don Allah, kafin murna ta sa in yi ɓarna da hannuna. Yau kwana biyar ke nan bakina ya ƙi rufuwa. Jiya gishiri na zuba wa maigidana a shayi, ya kurɓa, ya dube ni, ya ce ko ranar da aka kawo ni gidansa ban ruɗe haka ba. Ki yi haƙuri in wasiƙar ta yi ta kwana-kwana, haka kaina yake a 'yan kwanakin nan.

Ni malama ce a kwalejin koyon aikin lafiya, shekara goma sha ɗaya ina koyar da ɗaliban jinya. Bana aka ƙirƙiro wani sabon darasi, wai a haɗa ɗalibai daga sassa daban-daban su koyi aiki tare, su kuma binciko abin da ya sa wasu ke samun kulawar asibiti a sauƙaƙe, wasu kuwa sai ciwo ya kayar da su ake ganinsu. Da aka zo neman wanda zai riƙe darasin, kowane malami ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Ni kuma tsautsayi ya fitar da ni shan ruwa. Kafin in dawo an rubuta sunana, har ana yi mini barka.

Kowane rukuni mutum shida ne: mai karatun likita, ɗalibar jinya, mai harhaɗa magunguna, mai aikin ɗakin gwaji, mai gashin ƙashi, da mai adana katunan marasa lafiya. Wayyo Gwaggo, da kin ga ranar farko! Suka zauna kamar baƙi a tashar mota, kowa ya rungume jakarsa, ana kallon juna ta gefen ido. Na ce su tattauna. Can sai na hango takarda tana yawo a ƙarƙashin tebur. Na karɓa na duba, ashe ɗan likita ne, wato mai karatun likitan, ya rubuta wa mai magani cewa a duba a ba da shawara, ya sa hannu har da kwanan wata, alhali gwiwoyinsu na gugar juna. Na yi dariya har sai da na dafa allo. Haka suka ga manyansu suna yi a asibiti, ba a magana da juna sai ta cikin fayil.

Daga ranar na kafa dokokina. Farar riga da duk wani yunifom a rataye su a ƙofa. Littafi ɗaya da biro ɗaya ga kowane rukuni, wanda yake son a rubuta maganarsa sai ya shawo kan mai riƙe da biron. Sannan ba wanda zai yi bayanin ɓangarensa da kansa: mai gwaji ne zai faɗa wa aji abin da nas ta gano, nas kuma ta faɗi na mai magani. In ba ka saurara ba, ka sha kunya a gaban jama'a. An yi ta guna-guni, har laƙabi suka sa mini, ban damu ba.

To ga inda labarin yake. Kafin in tura su unguwanni yin binciken, rukuni na huɗu suna ɗakin gwaji da ke saman bene suna koyon awon jini tare. Sun auna junansu har sun gaji, ga mutum-mutumin roba kwance ba shi da jinin da za a auna. Sai ga Maman Bene ta shigo da bokiti da abin goge ƙasa. Ita ce mai sharar saman, shekara goma sha tara tana wannan aikin, shi ya sa kowa ke kiranta haka. Tana ɗan jan ƙafar hagu, ga barkwanci, duk ɗalibin da ya faɗi jarrabawa wurinta yake zuwa kuka. Suka roƙe ta aron hannu, ta miƙa tana tsokanarsu.

Ɗalibar jinya ta auna, ta ga ɗari da casa'in bisa ɗari da goma. Ɗan likita ya ce ba ta iya ɗaurawa ba, ya karɓa, ya samu haka. Ya ce to na'urar ce ta lalace. Aka ɗauko ta biyu, aka ɗauko ta uku, duk bakinsu ɗaya. Ita kuwa Maman Bene sai dariya take, tana cewa shekara goma sha tara tana goge kabad ɗin da ake ajiye abubuwan nan, ta ɗauka na ɗalibai ne da 'yan robarsu, yau ne karon farko da aka ɗaura mata ɗaya. Ni kaina kunya ta rufe ni, Gwaggo, don kullum da safe matar nan sai ta gaishe ni a kan matakala, ni kuma in amsa in wuce da na'urar a jakata.

Abin da ya biyo baya shi ya haukata ni. Yaran nan da suke wa juna wasiƙa a tebur ɗaya, ban ce da su komai ba suka raba aiki a tsaye. Mai adana kati, wata shiru-shiru da suke kira Kati, ta ruga ta buɗe mata fayil. Ɗan likita ya je ya tsaya a ƙofar malaminsa har aka gan ta. Mai magani ta zauna da ita ta yi mata bayanin ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, mai gashin ƙashi ya duba ƙafar nan da ba wanda ya taɓa tambayar me ya same ta. Washegari suka zo ofishina su shida, suka ce ba sai sun je wata unguwa ba, unguwar tana nan cikin kwaleji.

Suka bi masu shara, masu gadi, masu wanki da na kicin, mutum arba'in da uku. Talatin da ɗaya ba a taɓa auna su ba tun da suka kama aiki. Goma sha biyu na da hawan jini, huɗu na da suga. Suka kuma gano dalili. Mutanen nan wani kamfani ne ya ɗauke su, don haka asibitin ma'aikata ba nasu ba ne. Katin asibitin kowa da kowa kuma da sassafe ake rabawa, daidai lokacin da suke goge-goge. Wanda ya yi ƙarfin hali ya shiga layi da rigar aiki, mai kula da su zai hango shi daga baranda. A cikin ginin da ake koyar da lafiya fa ke nan!

Rahoton ya kai ga shugaban kwaleji. Ya kira ni, ya ce shi za a gabatar a babban taronmu na shekara, saura kwana goma sha biyu, a gaban baƙi daga wasu kwalejoji. Ya ce in abin ya yi kyau darasin zai zauna dindindin, ni ce kuma zan riƙe shi. Gwaggo, ni! Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa buga sunana a takardar taro ba, sai dai in raba ruwa. Na fito daga ofishinsa na wuce motar da zan hau ina murmushi ni kaɗai kamar sabuwar kamu. Har ɗinki na kai, tela ya ce gobe.

Yanzu ga ƙashin da ya tsaya mini a wuya. Yaran sun buɗe jawabinsu da labarin Maman Bene, yadda aka koya mana gabatar da mara lafiya: ba suna, sai dai mace 'yar shekara hamsin da huɗu, mai shara a saman bene, shekara goma sha tara a bakin aiki, tana jan ƙafar hagu. Ga hotonta riƙe da bokiti, an ja baƙin layi a kan idanunta. Dukanmu muka ga mun cika ƙa'ida. Takardar amincewa ma ta dangwala mata yatsa. Da na tambaye ta, cewa ta yi duk abin da Malama ta ga ya dace, ita ai tamu ce.

Kati ce ta tayar da ƙura. Ita aikinta ke nan, a ce mata wata tsohuwa ta zo ranar Talata da ciwon ƙafa, ta shiga cikin dubban fayiloli ta zaro nata. Sai ta kwafi jimlar nan kawai, ba hoto, ta karanta wa mai gadin ƙofa, da mai sayar da ruwa, da direban motar kwaleji. Duk su ukun ba su bari ta kai ƙarshe ba suka ce Maman Bene. Mai gadin kuma ya ja Kati gefe ya faɗa mata abin da ba mu sani ba. Duk wata shida kamfanin ke sabunta takardar aikin kowa, kuma bara wani mai wanki ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki, da lokacin sabuntawa ya zo ba a sake kiransa ba, ba wanda ya ce ga dalili. Ya ce tun da Maman Bene ta fara shan magani, a ɗakin ajiyar tsintsiya take haɗiya, ƙofa a rufe, ta ma juye ƙwayoyin a gwangwanin alewa don kada a gane. Takardarta wata mai zuwa za ta ƙare. Jikoki uku take riƙo. Manajan kamfanin kuma kowace shekara a sahun gaba yake zama a taron nan.

Rukunin ya rabu uku da uku, kuma ki ji rashin hankalina, har wannan ma daɗi yake mini! Don ba ta launin riga suka rabu ba. Ɗan likita, mai wasiƙar nan, shi ne ya tsaya bayan Kati kai da fata, ya ce a cire labarin. Ɗalibar jinya kuwa, tawa ta kaina, ta ce in aka cire Maman Bene saura lambobi, baƙi za su yi gyangyaɗi, a tafa a watse, sauran mutum arba'in da biyu su koma yadda suke. Ta ce ɓoye-ɓoyen nan ne ya sa aka kai shekara goma sha tara. Suka yi ta yi har muryoyi suka dushe, kowa na maimaita hujjar ɗan'uwansa daidai kafin ya rusa ta, yadda na koya musu. Na tsaya a bayan ƙofa ina ji kamar in yi guɗa. Daga ƙarshe suka kawo mini hukuncin.

Ba zan ɓoye miki ba, ina son tafin nan. Na yi jawabina a gaban madubi ya fi sau goma, kuma na san labarinta ne zai sa zauren ya yi tsit. Amma wallahi ba son kai kaɗai ba ne, ina ganin gaskiyar ɗalibata. Maigida ya ce in sake tambayar matar in huta. To ai na san amsar. Ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, amma har rissinawa take in za ta gaishe ni, yaya za a yi ta ce mini a'a? In na bar labarin, tsoro nake in ci mata aiki. In na cire, tsoro nake in kashe wa yaran nan gwiwa, darasin ya mutu, mutanen kuma su zauna ba awo. Me zan yi, Gwaggo? Kuma laifi ne da har yanzu ina jin daɗi?

Taki,
Malamar da ƙafarta ta ƙi taɓa ƙasa

AMSA

Malama 'yata, barka da arziki. Ki karɓo ɗinkinki ki sa, jin daɗinki ba laifi ba ne. Kin ɗauki mutum shida da ba sa iya yi wa juna magana, kin mai da su masu gardama a kan mutuncin mai shara. Wannan ya isa a yi murna, ni ma na yi dariya da na karanta batun wasiƙar ƙarƙashin tebur.

Ɗalibarki ta jinya ba shirme take faɗa ba. Shiru yana cutarwa, kuma lambobi kaɗai ba kasafai suke motsa masu iko ba. Ki faɗa mata haka a gaban 'yan'uwanta, don kada ta ji an kayar da ita. Sai dai a wannan gaɓar Kati ce ta fi gaskiya. Ƙa'idar cire suna an yi ta ne don asibitin da dubban baƙi ke shiga suna fita. A gidan da mutum arba'in da uku suka san tafiyar juna, baƙin layi a kan ido ba ya ɓoye kowa. Dangwalen yatsan nan ma kada ya ruɗe ki. Ke da kanki kin ce ba za ta iya ce miki a'a ba, kuma matar da ke rufe ƙofa kafin ta haɗiyi ƙwaya ta riga ta ba ki amsarta. Ki cire labarin da hoton yau, ba gobe ba. Ki kuma ba Kati sauran shafukan ta bi su da irin idon nan nata, don in an rubuta cewa mai gadi ɗaya na da suga, an koma gidan jiya. A haɗe lissafin wuri guda, ba sashe, ba shekaru.

Akwai kuma abin da ban ga kin hango ba. Ko da an cire ta, manajan da ya ji cewa goma sha biyu cikin ma'aikatansa na da hawan jini yana iya fita neman su. Saboda haka babban aikinku kafin taron yake, ba a cikinsa ba. Cikin makon nan ki ɗauki yaran su shida ku je wurin shugaba. Ku nemi abu biyu a rubuce: a ware wa mutanen nan lokacin ganin likita bayan sun gama aikin safe, sakamakonsu kuma ya tsaya tsakaninsu da asibiti, sannan kwaleji ta shaida wa kamfanin cewa ba ta yarda a ajiye kowa saboda ciwon da yake shan maganinsa ba. Shi ya zaɓi rahoton nan, shi ma yana son a tafa masa. Ki nuna masa cewa ya fi masa kyau ya tashi ya sanar da gyara, da a karanta aibin gidansa a gaban baƙi yana zaune. In ya ƙi, to ranar taro ku yi bayanin yadda kuka koyi aiki tare, lissafin kuma ku riƙe shi har a samu kariya. Na san darasin yana iya rasa ɗan armashi da haka. Ke za ki jure wannan, ita ba za ta jure rasa aiki ba.

Su ma'aikatan kuma a koma a tambaye su, amma ba ke za ki je ba. Kati ta je tare da mai gadin nan, a same su inda suke hutawa, a faɗa musu ƙarara wanda zai zauna a sahun gaba, a ji abin da suke so a faɗa da wanda ba sa so. Kin koya wa yaranki sauraron juna, saura su koyi sauraron waɗanda ake maganar a kansu. Wataƙila ma a samu wanda ya kusa ajiye aiki ya ce shi zai tashi da bakinsa. In an samu, madalla. In ba a samu ba, kada a matsa wa kowa. Maman Bene kuwa ki same ta ke kaɗai, ki gaya mata an cire, ki ba ta haƙuri, ki tabbatar tana komawa awo kuma maganin bai yanke ba.

Kin ce kina tsoron zauren ba zai yi tsit ba in babu labari. Ai kina da labari, 'yata, kin rubuto mini shi da hannunki. Malamar jinya ce ta yi shekara goma sha ɗaya tana hawa da sauka da na'urar awon jini a jakarta, tana amsa gaisuwar ma'aikatan gidan, ba ta taɓa cewa ɗaya daga cikinsu ya kawo hannu ba. Ki tashi ki faɗi wannan da sunanki da fuskarki, ba baƙin layi, ba tare da kin nuna kowa ba. Duk malamin da ke zauren zai ji da shi kike, har shugaban. Za ki ɗan ji kunya, amma kunyar nan ba za ta hana jikan kowa cin abinci ba.

In an gama tafi an watse, ke za ki tafi gida da sabon ɗinki, ita kuma za ta shigo da bokitinta ta share zauren. Ki yi duk abin da za ki yi yadda baɗi ma, in an sake taron, ita ce za ta share shi. Allah ya ba ta lafiya, ya sa albarka a yaranki, ke kuma ya dawo miki da ƙafarki ƙasa a hankali.

Gwaggonku